'Yan Rakiya

Ruwa bai ɗauke ba tun Litinin a Puerto Montt.
Yana bugun kwanon ɗakin gwaje-gwaje
kamar mai bin bashin da ya san ana ciki.
Rayén Catrileo ta kashe fitilun baya,
ta bar ɗaya, ta ja kujera gaban baƙin allo.

Can bakin teku kifayen kiwo na juya ciki sama,
jiya ɗari, yau ɗari uku.
An ɗebo ƙwayar cutar, an karanta halittarta:
haruffa huɗu kacal, amma miliyoyi a jere,
suna kwance a na'ura, babu tafinta.
Manhaja ɗaya ake nema. Ɗaya tak.

Ta rubuta umarni, layi guda, gajere.
Manhaja ta ce: ba na shiga ni kaɗai,
ina da 'yan rakiya.

To, su shigo.

Na farko ya zo riƙe da ƙaninsa,
ƙanin ya ce ba ya zama sai da maƙerinsa,
maƙerin ya leƙa, ya taɓe baki,
ya ce uwar maƙerar gidan nan ta tsufa.
Ta sabunta. Garin neman gira,
wata manhaja da ke aiki lafiya tun bara
ta rufe ido, ta ƙi amsa sallama.

Jajayen layuka suka zubo.
Wannan na son siga ta uku da ɗigo takwas,
wancan ya rantse ba ya kwana ɗaki ɗaya da ita.
Ba ki da izini, in ji allo,
ga wadda ta sayi kwamfutar da sa hannunta.

Ƙarfe ɗaya saura, mai gadi ya turo ƙofa,
tsoho Eleuterio, rigar ruwa na ɗiga,
da ruwan zafi a flas da ɗan burodi a takarda.
Ɗansa Nibaldo ne ke nutso kowace safiya
ya kwaso matattun daga ƙasan keji.
Ya ce, me na'urar ta faɗa?
Ta ce, ba ta buɗe baki ba tukuna,
har yanzu shimfiɗa nake yi wa baƙi.
Ya dubi allon, ya dube ta,
ya tura mata burodin duka.

Ta share. Ta kewaye sabon fili,
ta yi masa shinge kada maƙwabta su shigo,
ta fara kiran su ɗaya bayan ɗaya, da suna da lamba,
kamar mai ƙirga awaki da magariba.
Arba'in da biyu suka shiga.
Na arba'in da uku ya turje a bakin ƙofa.

Ɗan ƙarami ne, ba wanda ya taɓa shi shekara sha ɗaya.
Ta buɗe cikinsa, tana bin layi da yatsa,
sai ga saƙo can ƙasa, daga wani Tõnis na Tartu,
wanda ba ta san ko yana raye ba:
in ya ƙi, ka sauko da siga mataki ɗaya.
Yi haƙuri, da dare na rubuta shi.

Ta yi dariya ita kaɗai, har ruwan zafi ya zube.
Ta sauko mataki ɗaya.

Layuka suka yi ta gudu, farare, minti tara.
Suka tsaya.
Ba guɗa, ba barka da aiki,
sai ɗan sandan haske yana ƙifta ido, yana jira.

Kafin ta miƙa masa haruffan cutar,
ta ɗauki biro, ta rubuta duk hanyar da ta bi,
har da inda ta faɗi,
ta liƙa a gefen allo don wanda zai gaje ta.

A waje jirgin farko na busa zuwa Chiloé.
Nibaldo na ɗaura gilashin nutso.